Maɗaci: Inuwa, Magani da Katako a Itace Ɗaya

Maɗaci, wanda masana tsirrai suke kira Khaya senegalensis, babban itace ne na dazuzzukan Afirka da ke tsakanin hamada da kurmi, tun daga Senegal har zuwa Sudan da Yuganda, kuma tsayinsa yakan kai mita 30 idan ya samu ƙasa mai danshi. Dangi ɗaya suke da dogon yaro. Da rani yake fitar da ƙananan furanni farare masu ƙamshi, waɗanda suke zama 'ya'ya masu ƙwarya mai tauri da ke tsagewa gida huɗu idan sun nuna, iska ta kwashe irin. Saboda yalwar inuwarsa Turawan mulkin mallaka suka jera shi a bakin tituna, kamar yadda ake gani a Bamako da tsofaffin unguwannin Kaduna.

A wurin masu maganin gargajiya kuwa darajarsa tana cikin ɓawonsa mai tsananin ɗaci, domin ana jiƙa sassaƙensa a sha saboda zazzaɓi da ciwon ciki da tsutsar ciki, ana kuma wanke gyambo da shi, makiyaya ma suna ba dabbobi jiƙon, sannan su sassabo musu ganyen idan ciyawa ta ƙare. Sai dai jiƙon ba shi da ma'auni, don haka bai kamata ya tsaya a madadin gwaji da maganin asibiti ba. A wajen sassaƙar ɓawon ne kuma illar take ga itacen kansa, domin abincin da ganye yake haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, saboda haka duk maɗacin da aka sassaƙe kewaye, ko da siririn zobe ne, sannu a hankali yake bushewa a tsaye.

Katakonsa ja ne, mai nauyi da ƙarko, shi ya sa kafintoci suke nemansa don ƙofofi da gadaje, masassaƙa kuma don turame da kwale-kwale. Yawan saransa ya sa a shekarar 2022, a taron da aka yi a Panama, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda take sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, suka wajabta takardar izini kafin a fitar da katakonsa daga Afirka. Wannan doka ba ta taɓa mai gatari da ke sassaƙa a bakin titi ba.