Facin gaggawa daga rumbun manhaja: wa zai ɗauki nauyin?

Da zarar an sanar da ɓaraka a wata manhaja, sai ka ji ana ba da shawarar a garzaya GitHub, a sauko da rubutun tushenta wanda aka riga aka yi wa faci, a harhaɗa, a girka, ba sai an jira Debian ko Ubuntu ba. Umarni biyu ko uku ne, shi ke nan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, daga wannan rana nauyin kula da manhajar ya dawo wuyan wanda ya girka ta. A tsarin Linux irin su Debian da Red Hat, apt ko dnf ne ke riƙe da lissafin manhajojin da aka girka ta hanyarsu, su ne kuma ke kawo gyara idan ya fito. Manhajar da aka harhaɗa da hannu ba ta cikin wannan lissafi, don haka gyara na gaba zai zo ya wuce ta. Faci na farko kuwa ba lallai ya zama na ƙarshe ba. A Disambar 2021, lokacin ɓarakar Log4j, an fitar da sigar 2.15.0 a matsayin magani, sai aka gano ba ta toshe ramin duka ba, aka biyo ta da 2.16.0, sannan 2.17.0 da 2.17.1, duk kafin watan ya ƙare.

Wani zai ce ai ya duba lambar sigar da ke kwamfutarsa ya ga tsohuwa ce, ta ina zai zauna jira? Nan ne da yawa ke ruɗuwa. Debian da Ubuntu da Red Hat kan ciro facin kaɗai su ɗora a kan tsohuwar sigar, don kada sabbin sauye-sauye su karya abin da ke aiki lafiya. A Afrilun 2014 masu OpenSSL sun toshe ɓarakar Heartbleed a sigar 1.0.1g, amma Debian 7 ta ci gaba da zama a kan 1.0.1e wadda aka yi wa gyaran. Mai kallon lamba kawai zai ɗauka yana cikin haɗari, alhali umarnin sabuntawa ɗaya ya ishe shi.

Akwai kuma masu cewa rubutun tushe a buɗe yake, idon kowa na kansa, saboda haka sabon da ya fito daga hannun masu shi ya fi aminci. Lamarin manhajar xz ya isa amsa. A Maris ɗin 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya bankaɗo ƙofar ɓoye da aka dasa a sigogin 5.6.0 da 5.6.1, kuma wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, yana cikin masu kula da manhajar ne. Ƙofar ɓoyen ta kai ga rassan gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta taɓa tabbatacciyar sigar Debian ba. Jinkirin nan da ake ƙorafi a kai, shi ya yi wa mutane katanga.

Ba a ce ƙofar ɗauko faci da hannu ta rufe ba. Idan masu kutse sun fara cin gajiyar ɓarakar, gyaran hukuma bai iso ba, ɗauko faci daga rumbu na iya zama dole. To sai a tabbatar rumbun na ainihin masu manhajar ne, ba kwafin wani ba, a ɗaure girkin a kan takamaiman siga mai lamba, ba babban reshen da ke sauyawa kullum ba, a fara gwadawa a wata kwamfuta daban, a kuma rubuta abin da aka yi inda abokan aiki za su gani. Ranar da gyaran hukuma ya fito, a cire na hannu a koma gare shi. Wanda ya san ba zai iya bibiyar sanarwar tsaron manhajar ba, ya haƙura ya jira.