Mazarin Damina a Ƙasar Rano da Kibiya: Sunansa da Yadda Ake Gane Shi

Kalmar mazari tana da ma'ana biyu a Hausa: sillen da mata suke kaɗi da shi, da kuma ƙwaron nan mai siririn jiki da fukafukai huɗu. Sai dai sunan ya haɗe iri masu yawa a wuri guda. Manufar wannan maƙala ita ce ware ɗaya daga cikinsu, wato wanda masana suke kira Pantala flavescens, wanda Fabricius ya fara siffantawa a 1798.

Wannan mazari matafiyi ne mai bin damina. Yakan bi wurin da iska mai danshi daga teku take karo da busasshiyar iskar hamada, inda hadari yake haɗuwa. Don haka a kudancin Kano lokacinsa shi ne daga faɗuwar ruwa zuwa kaka. Babban ruwa irin na madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ba shi ne abin nemansa ba. Ya fi son kududdufai da kwarmin duwatsu irin na Rano, da ruwan da yake kwanciya a fadamun Kibiya, domin kifin da zai cinye 'ya'yansa bai cika zama a nan ba. 'Ya'yan sukan girma cikin kamar mako shida zuwa tara, su yi fiffike kafin ruwan ya ƙafe.

Nisan tafiyarsa abin mamaki ne. A 2009 Charles Anderson ya kawo hujjar cewa yana tasowa daga Indiya, ya ratsa tsibiran Maldif, ya ƙetare teku zuwa gabashin Afirka. Zuwa da komowa sun kai kilomita 14,000 ko fiye, amma zuri'a huɗu ne suke raba tafiyar.

Alamomin gane shi huɗu ne. Na farko, launinsa rawaya ne, na namiji yana ɗan yin ja. Na biyu, tsawonsa kamar santimita 4.5 ne, kuma fukafukansa na baya suna da faɗi ƙwarai daga gindi. Na uku, yakan yini a sama cikin ayari, yana lilo a kan iska yana cafke sauro da ƙananan ƙwari. Na huɗu, idan ya sauka yakan rataye ne, jela ƙasa. Wannan ya bambanta shi da jan mazarin nan, Crocothemis erythraea, mai zama a kan tsinken ciyawa yana tsaron wurinsa.

Muddin suna ɗaya ne ga dukkansu, malamin da yake koyar da kimiyya da Hausa ba zai iya nuna wa ɗalibi wannan bambanci ba. Shawararmu ita ce a kira shi mazarin damina, tare da fara tattara sunayen da manoma da makiyaya suke amfani da su tun dattawan da suka san su suna raye.