Hubble: Madubin Da Ya Tashi Da Ciwon Ido

Mu malaman makaranta mun san irin yaron da kan zauna a aji yana ta ƙyafta ido, ba ya iya karanta abin da ke kan allo sai an samo masa tabarau. To, irin wannan lalura ta taɓa samun wani madubin hangen nesa da aka kashe wa fiye da dala biliyan ɗaya.

A ranar 24 ga Afrilu, 1990, hukumar NASA ta Amurka ta harba madubin Hubble cikin kumbon Discovery, aka sake shi yana kewaya duniya a tsayin fiye da kilomita 500. Dalilin kai shi can shi ne, iskar da ta lulluɓe duniyarmu tana gurɓata hasken taurari kafin ya iso ƙasa. Amma da hotunan farko suka zo, sai murna ta koma ciki, domin duk dishi-dishi suka fito.

Da aka bincika, sai aka gano cewa babban madubin, mai faɗin mita 2.4, an goge gefensa fiye da kima. Kuskuren bai wuce kashi ɗaya cikin 50 na kaurin gashin mutum ba. Asalin matsalar kuwa, na'urar da aka auna madubin da ita ce aka haɗa ba daidai ba. Abin takaici, wasu na'urorin awo biyu sun nuna akwai matsala tun yana ƙasa, amma aka yi watsi da su, aka gaskata waccan.

Hausawa kan ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hukumar ta fito fili ta amsa kuskuren. A watan Disamba na 1993 'yan sama jannati bakwai suka tashi cikin kumbon Endeavour, suka kamo Hubble, aka fita waje sau biyar ana aiki a kansa. Ba su sauya babban madubin ba. Sabuwar kyamara suka sa masa, da wasu ƙananan madubai masu daidaita hasken, wato dai tabarau.

Daga nan ido ya buɗe. A Disambar 1995 aka kafa shi kwana goma yana kallon wani ɗan gurbi na sama da ake gani kamar ba kome a cikinsa. Sai ga gungun taurari kusan 3,000, wasunsu haskensu ya yi biliyoyin shekaru a hanya kafin ya iso. A 1998 kuma, awon da aka yi da shi da wasu madubai na ƙasa ya nuna cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, kuma saurin faɗaɗar ƙaruwa yake yi. Wannan bincike ya jawo wa Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess lambar Nobel a 2011.

Abin lura gare mu iyaye da malamai shi ne, manyan masana ma sun yi kuskure, kuma inda suka fi kasawa shi ne ƙin sauraron awon da ya saɓa wa abin da suke so su ji. Saboda haka idan yaro ya kawo amsar lissafi da ta bambanta da tamu, kada mu yi gaggawar jan kunnensa. Mu zauna mu sake lissafin tare da shi tukuna.