Fina-finan Daba da Matasan Diffa

A 'yan shekarun nan, fina-finan da suka fi shiga wayar matasa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta su ne masu labarin unguwar talakawa: daba, ƙwacen waya, dillancin ƙwaya, artabu da 'yan sanda. Diffa ma abin bai bar ta ba. Barebari ne suka fi yawa a kwarin Komadugu, ga Fulani da Tubawa da Larabawa da Buduma, amma Hausa na cin kasuwa da tasha, shi ya sa abin da Kano ta saki yau ba ya daɗewa bai iso fadar samari a Diffa ba, ko ta YouTube ko ta hannun masu tura fim a kati. Akwai A Duniya na Tijjani Asase, akwai Sanda na Daddy Hikima da aka fi sani da Abale, akwai fina-finan Indiya masu fassarar Hausa. Wanda ya yi lakwal kuma yana ƙarawa da na Faransa, waɗanda ake ɗauka a dogayen benayen bayan garin Faris da Marseille.

Dalilin yaɗuwarsu ba ɓoyayye ba ne. Da kasuwar faifai ta mutu a Kano, masu shirya fim sun koma YouTube da fina-finai masu dogon zango, a can kuwa yawan masu kallo ne ke kawo kuɗi. Wuƙa da gudu da ihu sun fi saurin tara jama'a a kan labarin kishiya da uwar miji. A ɓangaren mai kallo, waya ta yi araha, ga faifan sola na caji ko a ƙauye. Diffa tana da nata ƙarin dalilin: shekaru na dokar ta-ɓaci da hana yawon dare sun zaunar da dubban samari wuri guda, ba aiki, ba zirga-zirga, sai shayi da waya.

Yadda ake karɓar waɗannan fina-finai ya rabu. Iyaye da malamai na ganin makarantar ɓarna ce aka shigo da ita har ɗaka. Samari kuwa cewa suke yi wannan ne fim ɗin da ya san da zamansu, tunda jarumin ba ɗan alhaji ba ne mai mota da gidan bene, yaro ne da ya tashi bai karya ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Amma ina ganin gardamar, yadda ake yin ta, tana ɗora wa fim laifin da ya girme shi, kuma tana sauke wa masu mulki nauyin da nasu ne.

Faransa ta riga mu shiga wannan gardama, kuma akwai abin dubawa a yadda ta kaya a can. A 1995 Mathieu Kassovitz ya fitar da La Haine, labarin abokai uku, Bayahude da Balarabe da baƙar fata, a yini guda bayan tarzomar unguwa. Fim ɗin ya ci kyautar bada umarni a bikin Cannes, 'yan sanda suka ji haushinsa, Firaminista Alain Juppé ya sa aka nuna wa ministocinsa. Sun kalla. Bayan shekara 10, a watan Oktoban 2005, yara biyu, Zyed Benna da Bouna Traoré, suka mutu a tashar wutar lantarki a Clichy-sous-Bois suna gudun 'yan sanda, unguwanni suka kama da wuta har mako uku, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. A 2019 Ladj Ly, ɗan asalin Mali da ya tashi a Montfermeil, ya kawo Les Misérables, shi ma aka yaba, aka ba shi kyauta a Cannes. A watan Yunin 2023 ɗan sanda ya harbe Nahel Merzouk mai shekara 17 a Nanterre, aka sake komawa gidan jiya. Babu mai hankalin da zai ce fim ne ya kunna waɗannan tarzoma. Masu fim sun hango hayaƙi ne suka nuna, waɗanda ke da ikon kashe wutar suka tafa musu suka koma harkokinsu.

Fim ɗin da ya fi tayar da ƙura shi ne BAC Nord na Cédric Jimenez a 2021, wanda aka gina kan shari'ar wasu 'yan sandan arewacin Marseille da aka kama a 2012. Shi ta idon 'yan sanda ya kalli unguwa, mazaunanta kuma galibi suka fito a matsayin gungun masu rufe fuska da ihu. Mutum sama da miliyan 2 suka shiga silima kallonsa. 'Yan siyasa Marine Le Pen da Éric Zemmour suka ɗauke shi hujjar siyasarsu ta ƙin baƙi, mai fim ɗin ya yi ta cewa ba manufarsa ke nan ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wannan haɗarin ne ba mu cika magana a kansa ba. Muna tsoron abin da fim zai koya wa yaron unguwa, mun manta da abin da yake koya wa na nesa game da yaron unguwa.

Mu dawo gida. Ƙungiyoyin matasan da ake kira palais, masu ɗaga ƙarfe da shan tramol da faɗan unguwa, sun yi suna a Damagaram, kuma Diffa ma ta san su tun kafin a fara A Duniya ko Sanda. A watan Afrilun 2014 BBC ta yi hira da wasu 'yan irin wannan ƙungiya a garin Diffa, suka ce Boko Haram ta biya naira 500,000 ga waɗanda suka bi ta, kuma suka ce kuɗin ne ya ja su tunda ba su da aikin yi. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Cikin 'yan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka dakatar da cinikin tattasai da na bandar kifi, aka taƙaita taki da man fetur, aka rufe wasu kasuwanni. Bayan harin tsibirin Karamga na watan Afrilu, aka umarci mutanen tsibiran Tafkin Chadi su tashi. Harin Bosso na Yunin 2016 ya ƙara tura dubban mutane bakin babbar hanya ta RN1, cikin bukkokin kara da leda.

Hukuma tana da hujjarta, domin mayaƙan suna amfani da babur, suna karɓar haraji a kan kifi da tattasai. Sai dai a duba wanda matakan suka fi dokewa. Ɗan kabu-kabu ya wayi gari ba sana'a. Mai gyaran babur, mai faci, mai sayar da fetur a kwalba, duk suka bi shi. Yaron da ke kwadago a gonar tattasai a bakin Komadugu, wanda a shekara mai kyau yake tara kuɗin aure daga wannan jan zinare, ya koma zaman jiran rabon abinci. Mai dako a kasuwar kifi haka. An sassauta wasu daga cikin dokokin daga baya, amma wanda ya cinye jarinsa ba ya farfaɗowa don an karanta sanarwa a rediyo, ga ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta zo ta ƙarasa wasu gonakin. Sace mutane don neman kuɗin fansa, wanda ya addabi jihar tun wajen 2018, a cikin wannan hali ya yi ƙarfi. Wanda ya jera waɗannan abubuwa a gabansa, sannan ya ce Abale ne ya lalata yaran Diffa, bai yi wa yaran adalci ba.

Duk da haka ba zan ce tsoron iyaye banza ne ba. Fim ba ya haifar da yunwa, amma yana ba mai yunwa salo. Yana ba shi laƙabi, da irin tafiya, da kalmomin da zai jefa wa abokin gaba, da tunanin cewa wanda ake tsoro shi ne mai daraja. Masu shirya irin waɗannan fina-finai kan ce a jira ƙarshe, za a ga yadda ɗan daba ke ƙarewa a kurkuku ko kabari. Matsalar ita ce fim mai dogon zango ba ya son ƙarewa, tunda ƙarewarsa ƙarewar kuɗi ce. Sai a shafe watanni ana nuna jarumi yana cin karensa babu babbaka, ukubar kuma a ajiye ta sai ranar da masu kallo suka gaji. Yaro ɗan shekara 12 ba ya ma kallon fim ɗin gaba ɗaya, gutsure yake gani a TikTok, daidai wurin da aka zaro wuƙa, an ɗora masa kiɗa. Wa'azin da ke kashi na 40 ba zai taɓa isa gare shi ba. Sannan akwai abin da ya keɓanta da Diffa: yaron da ya ga gawa da idonsa a hanyar gudun hijira, ko aka sace 'yar'uwarsa, ba daidai yake da yaron da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba. Abin da wani ke kallo don nishaɗi, shi fami ne a gare shi. Ina ganin wannan ya isa iyaye su sa ido a kan wayar ƙananan yara, ko da babu wata hukuma da ta ce su yi.

Kano ta zaɓi hanyar hani. A watan Satumbar 2021 hukumar tace fina-finai ta jihar, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024 magajinsa Abba El-Mustapha ya hana na daba da daudu. Ikon wannan hukuma a iyakar jihar Kano ya tsaya, intanet kuwa ba ta san iyaka ba. Abin da aka riga aka ɗora yana nan, na Indiya da na Faransa da na Amurka ba su ma san an yi dokar ba. Abin da hani ya fi iya yi shi ne ya rufe bakin ɗan gida, wanda aƙalla ya san darajar uwa da malami da mai unguwa, ya bar fili ga na waje.

Misalin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa daga Damagaram ya fito. A 2021 Aïcha Macky, 'yar garin, ta fitar da fim ɗin gaskiya mai suna Zinder, wanda ta ɗauka a Kara-Kara, unguwar da asali aka ware wa kutare da waɗanda gari ya juya wa baya. Ta zauna da 'yan palais, ta nuna su suna ɗaga ƙarfe, suna fasa dutse, suna fasa-ƙwaurin fetur daga Najeriya, ta nuna tsohon shugaban ƙungiya da ya koma kabu-kabu yana fama da abin da ya aikata a baya, ta kuma saurari matan da aka ci zarafinsu. Ba ta wanke kowa ba, ba ta kuma mai da kowa dodo ba. Wanda ya san halinmu ya san za a sami mai cewa tonon asirin gari ne. Ni a ganina asirin da ya kamata a ji kunyarsa shi ne a haifi yaro a unguwa, ya girma ba makaranta ba takardar haihuwa, har sai ya ɗauki adda sannan a san da shi.

Diffa ba ta da irin wannan fim da ya zaga duniya. Mutumin Yamai ko na Kano, in an ce Diffa, abin da ke faɗo masa shi ne adadin gawa a labaran rana. Samarin garin kuma suna neman fuskarsu a unguwannin Kano da benayen Marseille, domin ba a nuna musu tasu ba. Alhali labari ga shi nan jibge: manomin tattasai da ya koma ɗan gudun hijira a ƙasarsa, tubabben ɗan Boko Haram da ya fito daga cibiyar Gudumariya yana neman wanda zai amsa masa sallama, uwar da ta sayar da awakinta ta fanso ɗanta, ɗan kabu-kabun da aka raba da babur ɗinsa amma ya ƙi tsallaka kogi ya bi mayaƙa. Wannan na ƙarshen shi ne jarumin da ya kamata yara su gani, kuma irinsa sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Jami'ar Diffa, gidajen rediyon jihar, hukumar gari da ƙungiyoyin agaji da ke kashe kuɗi a kan tarukan wayar da kai, ku ware wani abu ku koya wa samari da 'yan mata riƙe kyamara da rubuta labari, da Barbarci da Hausa da Fulatanci, ku kuma bar su su faɗi abin da suka gani ko da bai yi wa hukuma daɗi ba. Masu mulki kuma, kafin ku tambayi abin da yaro ke kallo a waya, ku fara tambayar abin da ya hana shi zuwa gona.