Ko Ka Sani? Sabon Ram Ba Ya Gudun da Aka Rubuta a Kwalinsa Sai Ka Ba Shi Umarni

Ko ka san za ka iya sayen ram da aka rubuta 3200 a jikinsa, ka saka a kwamfutarka, ta tashi lafiya lau, amma ram ɗin yana aiki a kan 2133 kawai? Haka yake faruwa da ɗimbin masu haɗa kwamfutar tebur da masu ƙara mata ram. Mutum ya biya kuɗin gudu cif, amma kashi ɗaya cikin uku na gudun yana kwance, kuma kwamfutar ba za ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Sau da yawa kayan na gaske ne, mai shago bai cuci kowa ba. Da gangan aka ƙera na'urar ta fara a hankali, ta jira mai ita ya ba ta izinin sakin jiki.

Ram shi ne wurin da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kansa a daidai wannan lokacin: shafin da ka buɗe, hoton da kake gyarawa, bidiyon da kake yankawa. Furosesa tana ɗauka daga can tana mayarwa ba ƙaƙƙautawa. Lambar 3200 na nufin ram ɗin zai iya miƙa bayanai sau miliyan 3,200 a daƙiƙa guda. A kan wannan gudu, hanya ɗaya tsakanin ram da furosesa tana ɗaukar gigabait 25.6 a daƙiƙa. A kan 2133 kuwa, kusan gigabait 17 ne kacal.

To me ya sa kwamfutar take farawa daga ƙasa?

Ɗauki sandar ram wadda ba a lulluɓe ta da ƙarfe ba, ka duba ta da kyau. Ban da manyan baƙaƙen ƙwayoyin da ke jere, za ka ga wata 'yar mitsitsiya ita kaɗai. Sunanta SPD. A cikinta kamfani ya rubuta bayanin sandar: girmanta, irin wutar da take sha, da gudun da za ta iya. Da zarar ka danna makunni, madabod, wato babban faifan da komai ke manne a kai, yana fara karanta wannan ƙwaya kafin ya nuna maka ko harafi ɗaya.

Gudun farko da ke rubuce a ciki ba kamfanin ne ya ƙirƙire shi ba. Akwai ƙungiya mai suna JEDEC a Amurka, wadda kamfanonin ƙera ƙwayoyin lantarki suka haɗu a cikinta suna tsayar da ƙa'ida ɗaya da kowa zai bi. Ita ta tsara ram samfurin DDR4, wanda ya shigo kasuwa a 2014 yana shan wuta bolt 1.2, ita kuma ta fitar da ƙa'idar DDR5 a 2020, mai shan bolt 1.1, wanda sandunansa na farko suka fara daga 4800. Manufarta ita ce duk sandar da ka saka a madabod ɗin da ya dace da ita, kwamfuta ta tashi. Saboda haka madabod yakan zaɓi gudun da babu shakka a kansa.

Amma kamfanoni irin su Corsair da G.Skill da Kingston suna gwada ƙwayoyinsu, suna ware waɗanda suka fi juriya, su sayar da su da lambar da ta fi ta farkon. Wannan babbar lambar ita ce a kan kwali. Don a kai gare ta sai an ƙara wuta kaɗan, galibi zuwa bolt 1.35 a DDR4, an kuma daidaita lokutan jiran ram ɗin. A da sai mutum ya shigar da waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. A 2007 kamfanin Intel ya fito da tsarin XMP, inda ake rubuta dukkan lambobin a matsayin saiti na biyu a cikin ƙwayar SPD ɗin nan. A 2022 kamfanin AMD ya kawo nasa mai suna EXPO tare da furosesocin Ryzen 7000. Saitin yana nan a ajiye cikin sandar tun daga masana'anta, sai dai madabod ba ya ɗaukarsa da kansa.

Kafin ka taɓa komai, fara duba inda kake. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka zaɓi Memory, za ka ga gudun a ƙasa. In ya yi daidai da na kwali, ka huta. Akwai sandunan da 3200 ɗin nasu na ƙa'idar JEDEC ne tun asali, ba sa bukatar komai. In kuma da manhajar CPU-Z ka duba ka ga 1600, kada hankalinka ya tashi. Wannan ram yana aika bayanai sau biyu a kowane bugun agogonsa, don haka 1600 a can shi ne 3200.

In ka ga gudun ya gaza, sake kunna kwamfutar, kana danna Del ko F2 tun kafin Windows ta fito. Za ka faɗa shafin BIOS, wato wurin saitunan madabod. A yawancin sababbin madabod, maɓallin XMP ko EXPO yana shafin farko. A na Asus masu furosesar AMD da DDR4 sunansa DOCP, a na MSI kuma A-XMP. Ka zaɓi saiti na ɗaya, ka danna F10, ka amince. Aikin ke nan.

Bayan haka sai haƙuri. Fuskar kwamfutar na iya zama baƙi ƙirin, fanka na ta juyi, musamman da DDR5. A wannan lokaci madabod yana gwada layukan da ke tsakanin furosesa da ram ne, yana auna yadda sigina ke isa, kuma abin kan ɗauki mintuna a karon farko. Mutane da yawa a nan suke cire wuta cikin firgici. Ka ba ta lokaci. In ta ƙi tashi sam, kashe ta, zare wayar wuta, ka cire ƙaramin batirin nan mai faɗi da ke kan madabod, CR2032, na 'yan mintuna, ka mayar. BIOS zai koma yadda ya fito daga kamfani.

Wani lokaci an kunna saitin amma gudun ya ƙi zama. Fara da gurabe. In madabod yana da gurbi huɗu kai kuma sanda biyu gare ka, yawancin kamfanoni sun ce a saka su a na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga wajen furosesa, waɗanda ake rubuta wa A2 da B2. Haka ne zai sa su yi aiki a hanya biyu, kuma sigina ta fi tsabta a nan. Ka danna kowace sanda har ka ji maƙallin ya ce ƙas.

Sai batun gauraya. In ka haɗa tsohuwar sanda mai 2400 da sabuwa mai 3200, dukkansu za su sauko 2400, domin ayari ba ya wuce saurin raƙumin da ya fi rauni. Ko da lambarsu ɗaya ce, sandunan da ba a kwali ɗaya suka zo ba kan ƙi jituwa a babban gudu, kuma sanda huɗu sun fi biyu wahalar ɗauka.

Akwai kuma iyakar furosesa. Sashen da ke sarrafa ram a cikinta yake, AMD ta mayar da shi can a 2003, Intel a 2008, kuma kowace furosesa da gudun da kamfani ya lamunce mata. Wasu madabod masu araha ma sun kulle ƙofar gaba ɗaya: na Intel samfurin H410 da B460 ba sa barin ram ya wuce iyakar furosesa, sai B560 na 2021 ya buɗe. Kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwanninmu, da mafi yawan laftof, ba su da maɓallin XMP kwata-kwata. Mai irin waɗannan in ya sayi ram mai tsada da sai an kunna masa saiti, ya yi asarar kuɗinsa. Abin da ya dace da shi sanda ce mai gudun JEDEC na asali.

Tsohon BIOS ma yakan hana, sabunta shi kuma yakan warware matsalar. Amma kada ka fara wannan aiki sai kwamfutar na kan inbata ko wutar da ka tabbata ba za ta ɗauke ba. In wuta ta tafi ana tsakiyar rubutawa, madabod na iya mutuwa.

Ka kuma sani cewa Intel da AMD suna lissafa wannan saiti a matsayin tura na'ura fiye da ma'auninta, garantinsu bai rufe abin da ya lalace ta dalilinsa ba. Ba kasafai yake ɓata kaya ba, amma ram da bai zauna daidai ba yana sa kwamfuta daskarewa, ko ya gurɓata fayil a ɓoye. Don haka ka gwada shi da manhajar MemTest86 na wasu awanni. Kuskure ko ɗaya ya bayyana, ka sauke gudun mataki guda, daga 3200 zuwa 3000 ko 2933, ka sake gwadawa.

Wa zai ga amfanin? Mai buga takardu da duba intanet da wuya ya lura. Mai haɗa bidiyo, mai wasannin kwamfuta, da wanda ba shi da katin hoto na daban, inda furosesa ke aron ram don zana hoto, su za su ji bambancin sosai. Furosesocin Ryzen ma suna ƙara kuzari da ram mai sauri.

Saboda haka in kana da kwamfutar tebur da aka haɗa maka, ka buɗe shafin Memory yau ka kwatanta lambar da ta kwali. In kuma sayen ram za ka yi, ka san sunan madabod ɗinka da furosesarka tukuna, ka tambayi mai shago ko gudun da ke jikin sandar na asali ne ko sai an kunna XMP, sannan ka biya.