Bangon Ɗakin Wanka: Abin da Ya Kamata A Yi Kafin A Manna Tayil

Jama'a da yawa a ƙasar nan sukan kashe kuɗi mai tsoka wajen sayen tayil mai kyan gani domin ɗakin wanka, amma ba su cika kula da bangon da za a manna shi a kai ba. Bayan damina biyu ko uku sai a ga tayil ya fara ɓamɓarewa, fentin ɗakin da ke jingine da wurin wankan ya kumbura, warin danshi kuma ya cika gida. Nan da nan sai a ce tayil ɗin jabu ne, alhali kuwa ɓarnar daga bango ta faro.

Abin da ya wajaba mai karatu ya fara sani shi ne, tayil ba ya tsare ruwa gaba ɗaya. Fuskarsa ba ta shan ruwa, gaskiya ne, amma farin simintin da ake cike tsakanin tayil da tayil yana sha, kuma kullum aka yi wanka sai wani abu ya ratsa. Saboda haka lalle ne abin da ke bayan tayil ya zama mai jure jiƙa.

Idan ginin bulo ne

Galibin gidajenmu na bulo ne, mai inci 6 ko inci 9, kuma wannan shi ne mafi sauƙin sha'ani. A yi masa filasta da kwanon sarki 1 na siminti a kan 3 ko 4 na yashi mai tsabta, wanda babu laka a cikinsa. Kada a goge filastar ta yi santsi kamar ta falo. A bar ta da ɗan kaushi domin gam ya sami abin kamawa. A riƙa yayyafa mata ruwa a kwanakin farko, musamman lokacin hunturu, domin iskar nan kan busar da ita tun ba ta yi ƙarfi ba, sai ta tsattsage. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce a dakata aƙalla mako 2 bayan filasta kafin a sa tayil. Magina kan yi gunaguni a kan wannan jira, maigida ma yakan ƙosa, amma filasta tana ɗan tsukewa yayin da take bushewa, kuma idan da tayil a kanta, tare za su motsa.

Ginin ƙasa kuwa ba ya riƙe tayil. Wanda ke son tayil a irin wannan gida sai ya ta da siririn bangon bulo daga ciki.

Idan bangon allo ne

A Amurka, inda ake gina gidaje da yawa da katako, bangon ciki allo ne da ake kafawa a jikin sanduna. Wannan hanya ta shigo mana yanzu, ana ganinta a ofisoshi da otal-otal da gidajen haya a Legas da Abuja da Kano, inda ake tsaga babban ɗaki a fitar da wurin wanka. A nan ne aka fi tafka kuskure, domin allunan sun yi kama da juna a ido, halinsu kuwa ya bambanta ƙwarai.

Allon jibsin na yau da kullum, watau irin wanda ake yin silin da shi, garin jibsin ne aka matse tsakanin takarda biyu. Idan ya jiƙa takardar takan yi fumfuna, cikinsa ya yi laushi, tayil ya faɗo da takardar a bayansa. Akwai wani mai koriyar takarda da ake sayarwa da sunan mai jure danshi. Yana jure tururi da feshi, ya dace da bangon da ke nesa da ruwa, amma ba a yi shi domin inda ruwa ke zuba kullum ba. Tun 2006 dokar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ta hana a manna tayil a kansa a wurin shawa. Filawud shi ma a guje shi: yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, ga kuma gara. A 2018 Ingila ta cire shi daga cikin abubuwan da ƙa'idarta ta yarda a manna tayil na bango a kansu kai tsaye.

Wanda ya dace shi ne allon siminti mai kaurin milimita 12, domin ko ya jiƙa ba ya ruɓewa, ba ya kumbura. Ya fi tsada, ya fi nauyi, kafinta kuma ba ya son yanka shi, amma duk wannan bai kai asarar rushe bango ba. A nan sai mu ja kunne: kada wani ya ɗauko tsofaffin allunan asbesto da aka cire daga silin ya ce ai su ma siminti ne. Ƙurarsu tana haddasa ciwon daji na huhu, kuma cutar kan ɗauki shekaru da dama kafin ta bayyana. Ko allon siminti na zamani, a yanka shi a waje, a rufe hanci da baki.

Wajen kafawa, tazarar sandunan da ke riƙe allon kada ta wuce santimita 40, domin allon da ke lanƙwasa idan an jingina da shi zai fasa tayil. A ɗaure shi da sukuru marar tsatsa kowane santimita 20, a bar 'yar kafa ta milimita 3 tsakanin allo da allo, a cike ta da gam na tayil, a shimfiɗa ragar zare da aka yi domin siminti a kai. Gindin allon kada ya zauna a daɓe inda ruwa ke kwanciya. Kafin a rufe bangon kuwa, a sa mai gyaran famfo ya saki ruwa cikin bututu, a bar shi ya kwana, a duba ko akwai yoyo.

Shafen hana ruwa

Allon siminti ba ya lalacewa da ruwa, amma ruwa yana wucewa ta cikinsa ya kai ga sandunan baya. Filasta ma haka take. Don haka a shafa maganin hana ruwa ratsawa sau 2, daga ƙasa har sama da kan shawa, a bari shafen farko ya bushe kafin na biyu. A fi mai da hankali ga kusurwoyi, da mahaɗar bango da daɓe, da kewayen bakin famfo, domin ta nan ruwa ke samun hanya.

Kafin shafen, a ɗora miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2 a jikin bango. Idan ramin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3, a gyara bangon tukuna. Wasu masu tayil sukan ɓoye karkatar bango ta hanyar ɗiga curin siminti 5 a bayan kowane tayil, sai a sami kogo a baya inda ruwa da kyankyasai ke taruwa. A sa su shimfiɗa gam ya game bango da cokalin gini mai haƙora. Tayil na fosilin, wanda ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, ba ya kama zallan siminti sosai ko an jiƙa shi, sai da gam ɗin da aka yi dominsa. Bayan kwana biyu maigida ya bi tayil ɗin yana ƙwanƙwasawa da ɗan makulli. Duk wanda ya yi ƙara kamar ganga, a cire shi a sake mannawa kafin a cike tsakani.