HASKEN DA KE BAYYANA ASIRIN ƘASAR GONA

Ya kai manomin Dandin Mahe, ka sani gero a jigawa ya ke yi, shinkafa kuwa sai fadama. Dalili ke nan: ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Wanda ya zuba takin zamani bai san irin ƙasarsa ba, ya yiwu kuɗinsa ya bi ruwa.

1. Hasken da ido ba ya gani

Cikin shekarar 1800 wani masani a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana launi-launi kamar na bakan gizo. Da ya sa ma'aunin zafi gaba da jan launi, inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafi ya hau. Wannan ɓoyayyen haske shi a ke kira infrared.

2. Yadda a ke aiki da shi

A kan niƙa ƙasa kaɗan, a haska mata shi cikin na'ura. Kowane ma'adini ya kan shanye wani sashi na hasken, ya komo da saura. Na'urar ta zana abin da ya komo, masana su gane ma'adinin kamar yadda a ke gane raƙumi da shaidarsa. Ta haka su ke rarrabe rairayi, da farar laka mai ƙarancin riƙon taki, da baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, da dutsen farar ƙasa irin wanda a ke yin siminti da shi a Kalambaina. Cikin 2009 aka soma babban aikin auna ƙasar Afirka ta wannan hanya, daga Nairobi ta ƙasar Kenya.

Amma fa na'urar ba boka ba ce. Tilas a riƙa gwada maganarta da awon ɗakin bincike.

3. Abin da za ka yi

Ka ɗebi ƙasa wuri goma cikin gona ɗaya, zurfin inci 8, ka gauraya, ka shanya a inuwa, ka kai wa malamin gona. Kada ka haɗa ta jigawa da ta fadama. In an ce rairayi ya yi yawa, ka yawaita takin dabbobi, na zamani kuwa ka raba shi biyu, domin kada ruwan sama ya wanke shi gaba ɗaya. In baƙar laka ce, ka gyara magudanar ruwa tun da bazara.

Sanin ƙasa kafin shuka, shi ne farkon cika rumbu.